Makulli na Biyu

Duk wanda ya taɓa ɓatar da makulli a wannan gefen gari ya san Baba Kwaɗo. Shagonsa yana ƙarƙashin matakalar wani tsohon bene da ke kallon tashar bas, ɗan ƙuƙut ne, in ya miƙa hannayensa biyu sai ya taɓa bango da bango. Ba komai a ciki sai injin yanka makulli, da magagari, da benci ɗaya, da tarin makullan da ba a fitar wa haƙora ba, rataye a kan ƙusoshi suna jiran mai rabo. Tun yana saurayi ya koyi aikin a hannun wani tsoho mai faɗan tsiya. Ya gaji injin, ya gaji faɗan, ya gaji har yadda tsohon ke hure garin ƙarfe daga sabon makulli kafin ya miƙa wa mai shi. Sunan Kwaɗo kuwa mai askin da ke maƙwabtaka da shi ne ya laƙaba masa, wai shi da kwaɗon ƙofa halinsu ɗaya, in sun rufe sun rufe. Ya yi fushi da sunan har ya gaji, yanzu ko matarsa da shi take kiransa in ranta ya ɓaci.

Abin haushin, kuma abin tausayin, shi ne mutumin nan ya yanka wa rabin gari makulli na biyu da na uku, amma ƙofar gidansa makullinta ɗaya ne tak. A wuyansa yake, cikin baƙar igiya, ƙarƙashin riga. In aka tambaye shi dalili sai ya ce shi ya fi kowa sanin yadda makulli ke yawo daga wannan aljihu zuwa wancan, a bar shi da kayansa.

Ba haka aka haife shi ba. Shekarun baya, lokacin 'yarsa Auta tana goye, rikici ya ɓarke tsakanin mutanen wannan gefen gada da na wancan gefen. Yau in ka tara dattawa ka tambaye su abin da ya haddasa shi, kowa nasa labarin zai ba ka. A lokacin ƙofar gidan Baba Kwaɗo da 'yar waya ake ɗaure ta, kamar ta kowa a layin. Ɗansu na fari, wanda bai daɗe da shiga makaranta ba, ya ji hayaniya a waje, ya kwance wayar ya leƙa. Uwar tana bayan gida tana wanki, uban yana shago. Daga ranar ba a sake ganin yaron ba. Sun bi asibitoci, sun bi ofisoshin 'yan sanda, sun bi duk inda aka ce an ga mai kama da shi, har ƙafa ta gaji. Da ƙura ta lafa Baba Kwaɗo ya cire tsohon ƙyaure, ya sa na ƙarfe, ya ɗaura masa makullin da ya fi kowanne ƙarfi a shagonsa, ya rataya mabuɗin a wuya.

Haka gidan ya koma tafiya. Da safe tare suke fita, ya kulle. Maman Auta ta wuce makarantar da take dafa wa yara abinci, shi ya wuce shago. In ta tashi aiki ba gida za ta nufa ba, shago za ta zo ta zauna a benci har ya rufe, su koma tare. Ta yi mita shekara da shekaru, ta yi kuka, ta kai ƙara wurin yayanta, daga baya ta ga bakinta kawai take kashewa ta haƙura. Auta kuwa a kan bencin nan ta girma. A nan ta koyi karatu, a nan ta yi aikin gida cikin ƙarar inji, a nan ta yi barcin rana da jakar makaranta a matsayin matashi. In wata larura ta sa dole a bar mutum a gida, to, a kulle za a bar shi, da ruwa da abinci, kuma a gidan ba wanda ke ganin wannan wani abu ne.

Sai ga shi yarinyar da aka yi wa wannan tsaro ita ta fi kowa ƙafar yawo. Tun tana sakandare ta fara tara matasan layinsu suna kwashe shara daga magudanar ruwa. Da suka ga sharar daga wancan gefen gada take gangarowa, ta ce to a je a yi magana da matasan can. Ranar da Baba Kwaɗo ya ji ta tsallaka gada, ya wuni bai yanka makulli ɗaya daidai ba. Amma abu ya ci gaba, aka yi ƙungiya, aka samu ɗan ofis a bayan wani kantin magani, ana wasan ƙwallo tare, ana zama ana jin ta bakin juna. Auta ce mai magana, ƙawarta 'yar wancan gefen ce mai tsara aiki, kowa yana kiranta Shugaba.

Wata rana Auta ta zo shago fuskarta kamar za ta tsage don murna, ta ce an zaɓe ta. Akwai shirin da ke ɗaukar matasa daga ƙasashen da suka ɗanɗana irin wannan rikici, a kai su ƙasashen juna, su zauna a gidajen mutane, su ga yadda kowa ya ɗinke tasa ɓarakar. Musaya ake yi: ɗaya ta tafi, ɗaya ta zo, kowacce ta sauka a gidan iyayen 'yar'uwarta. Kuma akwai doka, in ɗaya ta ce ba za ta iya zama ba, to, dukansu biyu za a mayar da su gida.

Baba Kwaɗo ya ce ba inda za ta je. Maman Auta, wadda ta daɗe da daina gardama da shi, ta ajiye jakarta a benci ta ce masa a gaban mai aski da kowa, "Wallahi sai ta je. Ni ka rufe na zauna, wannan kam ba za ka rufe ta ba." Ya yi kwanaki yana kumbure-kumbure. Abin da ya sauko da shi ba maganar zaman lafiya ba ce, lissafi ne irin nasa. Ya ga cewa in 'yar mutanen can tana hannunsa, dole su riƙe tasa da kyau. Iyakar abin da ya rage masa shi ne kada ko ƙwarzane ya sami 'yar mutane a ƙarƙashin rufinsa.

A filin jirgi bai yi kuka ba, ya yi ta maza. Sai dai ya duba zik ɗin jakar Auta ya sake dubawa, ya ɗaura mata ɗan ƙaramin kwaɗo, ya tsaya yana kallon ƙofar gilashin da ta shige har ma'aikaci ya ce masa ya matsa.

Baƙuwar da ta zo doguwa ce siririya mai tabarau, ba ta da yawan magana. Ta koyi harshen garin kaɗan kafin ta taso, tana jera kalmomi a hankali, in ta rasa wata sai ta yi murmushi ta gyara tabarau. Yaran layi suka sa mata Mai Tabarau, sunan ya bi ta. Maman Auta ta ba ta ɗakin Auta, ta shiga cusa mata abinci ba ji ba gani. Shi kuwa Baba Kwaɗo tun kafin ta iso ya ƙara wa tagar ɗakin ƙarafa, ya zuba wa makullin ƙofa mai. Kullum da safe shi zai raka ta har bakin motar ƙungiya, ya tsaya sai ta zauna. Da yamma tun kafin motar ta iso yana bakin titi, yana leƙen kowace kwana. In ta yi tari gabansa ya faɗi. In ta rage abinci ya hana matarsa sakat da tambaya.

"Kai Kwaɗo," in ji mai aski, "baƙuwa aka ba ka ko ƙwai? Ka bar yarinya ta sha iska mana."

"Kai ka taɓa riƙe 'yar wani alhali taka tana hannunsa?"

"Ni 'ya'yana duk suna gida suna cinye ni."

"To ka yi askinka."

Aka zo ranar da ba su da taro. A tsarin ƙungiya rana ce ta hutu, kowane baƙo ya zaga unguwarsu shi kaɗai, ya gaisa da mutane, ya ga kasuwa. An faɗa wa masu masauki tun farko, Baba Kwaɗo ma ya gyaɗa kai, amma kalmar hutu kawai ya riƙe. Da safe Mai Tabarau ba ta tashi da wuri ba. Maman Auta ta ajiye mata abinci a rufe, ta tsaya a tsakar gida tana jinjina abin.

"Ko in tashe ta mu tafi da ita shago?"

"Ta gaji, bar ta ta yi barcinta."

"To ƙofar fa?"

Ya dube ta kamar ta yi tambayar wauta. Ya cika tulu da ruwa, ya tabbatar fanka tana aiki, suka fita, ya juya makulli sau biyu, ya ja ƙyauren ya ji ya kama. A hanya har wani sanyi yake ji a ransa. Yau dai, ya ce a zuciyarsa, ba mota, ba titi, ba gada, yarinya tana wurin da ba abin da zai same ta.

Rana ta take, yana cikin fitar wa wata mata haƙoran makullin kanti, sai ga babur ya tsaya a ƙofar shago da ƙarfi. Shugaba ce ta diro daga baya, ɗankwalinta a karkace. Yarinyar da kullum sai ta rusuna ta gaishe shi, yau ko sallama babu.

"Baba, ina makulli?"

"Wane makulli?"

"Na gida, Baba! Ka rufe ta a ciki!"

Wuta ce ta fara faɗo masa a rai, sai ɓarayi, sai abin da ba ya son tunawa. Ya bar injin a kunne, ya bar matar da baki buɗe, ya haye babur ɗin. Da suka shiga layi ya hango mutane cirko-cirko a ƙofar gidansa, mata da yara, wani ma ya ɗauko guduma. Ba hayaƙi, ba komai. Ya zaro igiyar daga wuya, kuma shi da ya yi shekaru yana buɗe ƙofofin mutane, sai da ya kuskure ramin makullin kafin ya samu.

Tana zaune a ƙasa a bayan ƙyauren, jakarta a haɗe a gefenta. Gefen hannayenta ya kumbura saboda dukan ƙarfe. Tabarau ɗin yana kan cinyarta, fuskarta sharkaf, numfashinta yana fita guntu-guntu. Da ƙofar ta buɗe ba ta dubi kowa ba, ta miƙe ta fita waje, ta tsaya a tsakiyar layi tana shaƙar iska.

"'Yata," ya ce, "akwai ruwa, akwai abinci, ga fanka. Me ya same ki?"

Shugaba ta ɗauki jakar, ta riƙe mata hannu, ta juyo ta ce masa da murya ƙasa-ƙasa, "Baba, za ta kwana a wurina. Ta ce a mayar da ita gida. Zan roƙe ta ta ba mu zuwa gobe da yamma, in ba ta sauya ba dole in kira masu shirin can ƙasarsu. Ka san dokar. Kuma Auta suka zaɓa ta jagoranci babban taron rufe shirin a can, jiya aka sanar da mu."

Suka tafi suka bar shi da makulli a hannu. Duk tsaron da ya yi don kada a taɓa 'yarsa, ga shi da hannunsa zai jawo ta gida, a gaban baƙin duniya, da sunan ubanta ya kulle 'yar mutane.

Maman Auta ta ji labari tun a makaranta, don haka ba ta bi ta shago ba, kai tsaye ta zo gida ta same shi zaune a tsakar gida. Ta wanke shi tas. Ta faɗi na yau, ta faɗi na bara, ta tono na shekarun da ya ɗauka ta manta. Ta tuna masa ranar da ciwon ciki ya kama ta tana kulle, sai ta taga maƙwabciya ta miƙo mata magani. Ya sunkuyar da kai yana ji. Da ta gaji ta zauna a bakin tabarma, muryarta ta sauka, ta faɗi abin da bai taɓa jin ta faɗa ba.

"Kullum kana cewa wataƙila yana raye, wataƙila wata rana ya dawo. To in ya dawo muna shago, wa zai buɗe masa? In ya dawo ina ciki kana waje, da me zan buɗe masa? Ka taɓa tunanin wannan, Kwaɗo?"

Bai taɓa ba. Ana cikin haka sai wayar Maman Auta ta yi ƙara. Auta ce, kiran bidiyo. Ya yi wa matarsa alama da hannu kada ta ɗauka, ta harare shi ta ɗauka.

Ashe labari bai kai can ba tukuna. Auta tana ta zuba, ta nuna musu ɗakinta, ta ce tana rubuta abin da za ta faɗa a taro kuma tana jin tsoro. Ta tambayi inda Mai Tabarau take, uwar ta ce ta fita da Shugaba, wanda ba ƙarya ba ne. Sai Auta ta ce a ba ta Baba.

"Baba, akwai abin da ban gaya maka ba, kunya ta hana ni. Ranar da na iso, maman gidan nan ta ba ni makulli, ta ce nawa ne. Da na dawo daga taro na tsaya a ƙofa, na sa shi, na juya nan na juya can, ya ƙi. Na yi ta fama har wani tsoho maƙwabci ya fito ya nuna mini yadda ake ɗan jan ƙofa kafin a juya. Ya tambaye ni sana'ar babana, na ce mai makulli ne. Baba, dariya ya yi har da riƙe ciki!"

Ita ma dariyar take yi. Baba Kwaɗo ya yi ƙoƙari ya taya ta, abin ya ƙi fitowa. Yarinyar da za ta tsaya gaban matasan ƙasashe ta yi musu jagora, ba ta taɓa buɗe ƙofar gidan ubanta ba ko sau ɗaya.

Washegari da sassafe, kafin mai aski ya zo, ya buɗe shago. Ya ciro igiyar daga wuyansa, ya zare makullin, wurin da ya saba kwanciya a ƙirjinsa ya ji wayam. Ya zaɓi sabon ƙarfe mai kyau, ya ɗaura su gefe da gefe a bakin inji. Aikin da yake yi ido rufe, yau sai da ya goge tafin hannunsa a riga kafin ya kunna. Ya bi haƙoran ɗaya bayan ɗaya, ya sa magagari ya goge kaifin, ya hure garin ƙarfen. Ya koma gida ya gwada shi a ƙofa, ya buɗe, ya rufe, ya sake buɗewa. Maman Auta tana kallonsa daga bakin ɗaki.

A ofishin ƙungiya ya tarar da su biyu, Shugaba da Mai Tabarau, an naɗe mata hannu da bandeji. Ya tsaya a bakin ƙofa da hularsa a hannu, dattijo guda, sai da Shugaba ta ce, "Shigo mana, Baba." Ya shirya magana tun a hanya, duk ta gudu. Ya ajiye makullin a kan tebur ya tura shi gabanta.

"Na gida ne," ya ce. "Naki. Ba don in cuce ki na rufe ba."

Mai Tabarau ta daɗe tana kallon makullin. Sannan ta fara magana a hankali, inda kalma ta ƙare mata Shugaba ta cike. Ta ce su ma an yi irin wannan a garinsu tana ƙarama. Wani maƙwabci mai kirki ya ɓoye ta da mahaifiyarta a ɗakin ajiyar kayansa, ya kulle daga waje don kada a gane da mutum a ciki, ya ce zai dawo da yamma. Bai dawo ba. Suna jin gudu, suna jin ƙaurin hayaƙi yana shigowa ta ƙarƙashin ƙofa, ba hanyar fita. Sai da aka kwana biyu wasu suka fasa ƙofar. Tun daga lokacin ko banɗaki ta shiga ba ta sa sakata.

"Mutumin kirki ne," ta ce da bakinta, tana dubansa. "Shi ma don kada a taɓa mu ya rufe."

Baba Kwaɗo ya rasa inda zai sa idonsa. Ya so ya ba ta labarin ɗansa, sai ya lura da yadda take kallonsa, ya gane Shugaba ta riga ta gaya mata.

Ta ɗauki makullin ta juya shi a hannu, amma ba ta yi alkawarin komai ba. Ta ce yau matasan wancan gefen gada sun gayyace ta, za ta je. Ba ta son rakiya, ba ta son a jira ta a bakin titi. In ta ji za ta iya, za ta zo gida da ƙafarta ta buɗe da kanta. In ba ta zo ba kafin rana ta faɗi, Shugaba ta kira can.

Wancan gefen gada, ita kaɗai, a garin da ba ta sani ba. Kalmar a'a ta zo masa har bakin leɓe, ya haɗiye ta da ƙyar ya ce, "To."

Ranar bai iya aiki ba. Ya lalata makullin wani direba, ya ba shi haƙuri, ya rufe shago tun la'asar ba ta yi ba. Mai aski ya buɗe baki zai yi tsiya, ya ga fuskarsa ya fasa. A gida ya tarar Maman Auta tana jiransa a bakin ƙofa, suka shiga. Ya tsaya yana shawara, ya bar ƙofar a buɗe ne ko ya rufe. Matarsa ta ce ya rufe, ai yarinya cewa ta yi za ta buɗe da kanta. Ya rufe, suka zauna a tsakar gida, shi a kujera yana fuskantar ƙyaure, ita a tabarma tana tsince wake.

Ba abin da bai raya ba. Ya ga mota ta kwashe ta a kan gada. Ya ga ta ɓata a lungu ta rasa kalmar tambaya. Ya ga makullin ya faɗi daga aljihunta wani ya tsinta. Ya ga kuma ba abin da ya same ta, kawai ta zauna a ofis ta ce ba za ta iya ba, ga Auta a filin jirgi da jakarta mai ɗan kwaɗo, ba ta ko son kallonsa. Duk babur ɗin da ya shigo layi sai ya miƙe, in ya wuce ya koma ya zauna. Inuwar katanga ta ci rabin tsakar gida, ta ci saura. Ya ce zai ɗan leƙa bakin titi kawai, ba jira zai yi ba. Maman Auta ta ce in ya taka ƙofar nan ita da shi ne.

Hasken ya fara ja a saman katanga. Wayar Maman Auta tana kan tabarma, yana satar kallonta, yana jiran ta yi ƙara da muryar Shugaba.

Sai ya ji taku ya tsaya a waje. Sannan ƙarfe ya taɓa ƙarfe, makulli yana neman rami. Shekara da shekaru yana jin wannan ƙara a ƙofofin mutane, amma bai taɓa jin ta daga cikin gidansa ba, don kullum shi ne a waje mai juyawa. Makullin ya shiga, ya juya rabi, ya cije. Aka sake gwadawa, ya sake cijewa. Ya san matsalar, sabon makulli ne, kuma ƙyauren yana son a ɗan ja shi. Ya yunƙura zai tashi, Maman Auta ta cafke masa hannu.

"Zauna. Bar ta ta buɗe."

Ya zauna, hannunsa a cikin nata. Aka ja ƙyauren, makullin ya juya sau ɗaya, ya juya na biyu. Ƙofar ta buɗe, Mai Tabarau ta shigo da ƙura a takalmanta da ledar lemo a hannu, ta yi sallama da kalmomin da ta koya, ta ce, "Baba, na dawo."

Tun ranar da aka kwance 'yar wayar nan yake jiran wanda ya fita ta wannan ƙofa shi kaɗai ya dawo ya faɗi haka. Ya rufe fuska da hularsa, kafaɗunsa suna girgiza, Maman Auta ce ta amsa sallamar ta karɓi ledar. Da ya samu kansa ya share ido, ya ciro igiyar daga wuyansa, ya ajiye ta a kan tabarma kusa da tiren wake.

"Wannan ki riƙe," ya ce wa matarsa. "Gobe in yanka nawa, da na Auta." Ya dubi ƙofar da aka bari a buɗe. "Da guda ɗaya a ba maƙwabta su ajiye, ko wani zai zo ba ma nan."